Amsoshin Tambayoyinku: In shiga jami'a in karanta aikin jinya, ko in tafi makarantar nas?

Tambayar wannan makon daga Funtuwa ta zo, daga wata ɗaliba da ta gama sakandare bana. Ta ce tun tana ƙarama aikin nas take so, kuma burinta ta karanta shi a ɗaya daga cikin manyan jami'o'in gwamnati, Zariya ko Kano. Sai dai baki ya yi mata yawa. Mahaifinta yana ganin makarantar koyon jinya ta asibiti ta fi sauri, shekara uku an gama. Wata 'yar'uwarta ta ce ai wanda ya rasa gurbin likita shi ake turawa wannan kwas. Wasu kuma sun ce mata nas ɗin jami'a Turanci kawai ta iya, ko allura ba ta yi da kyau. Shi ne take tambaya: ina gaskiyar take, yaya karatun yake tafiya, kuma a jami'ar da ɗalibai suka kai dubbai, wa zai tsaya a kanta har hannunta ya faɗa?

'Yata, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, don kin yi ta a kan lokaci, tun kafin ki cike fom. Mu fara da maganar Baba, shi ne babba, kuma abin da ya faɗa yana da tushe.

Shekara da shekaru hanyar da kowa ya sani ke nan. Yarinya ta shiga makarantar jinya da ke maƙale da wani babban asibiti, ta yi shekara uku, ta rubuta jarrabawar ƙasa, ta fito da shaidar RN, wato nas mai rajista. Mafi yawan sistocin da suka riƙe asibitocinmu ta nan suka biyo. Amma tsarin ya sauya a 'yan shekarun nan. Yawancin makarantun an mayar da su kwalejoji, ana shigarsu ta jarrabawar JAMB, ana yin ƙaramar difloma shekara biyu, sannan babbar difloma shekara biyu. Kin ga shekara huɗu ke nan. Digirin jami'a kuwa, wanda ake kira BNSc, shekara biyar ne ga wadda ta shiga daga sakandare. Tazarar da Baba yake lissafawa ta ragu, ta koma shekara ɗaya a takarda. Digirin ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya tun 1965, Jami'ar Ife ta biyo baya a 1973 da tsarin ɗaukar ɗalibai kai tsaye daga sakandare. A Arewa ne ya iso a makare, shi ya sa har yanzu iyaye da yawa ba su saba da shi ba. Yau ana yin sa a Jami'ar Ahmadu Bello, da Bayero, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da wasu da dama.

Akwai abu ɗaya da nake so ki riƙe shi da kyau kafin mu ci gaba. Jami'a digiri take bayarwa, ba ta ba da izinin taɓa majinyaci. Wannan izini yana hannun Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, NMCN, wadda aka kafa da doka a 1979. Ita ce take duba makaranta ta amince da ita, ta yanke mata adadin ɗaliban da za ta iya ɗauka gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta, ta shigar da sunan kowane ɗalibi cikin kundinta ta ba shi lamba, sannan ta shirya jarrabawar da ake ci a samu lasisi. Ɗalibar da ba ta da wannan lamba ba za ta zauna jarrabawar ba, ko da ita ce ta ɗaya a aji. An sha samun makarantun da suka kwashi ɗalibai fiye da adadin da aka yanke musu, daga baya yara suka tsinci kansu cikin jiran da ba ranar ƙarewa. Saboda haka duk inda za ki nema, tambaya biyu za ki fara yi: Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da kwas ɗin? Majalisar Jinya ta amince da shi? In amsar ɗaya daga ciki ta zo da kwana-kwana, ki nemi wani wuri.

Batun shiga kuma ba ɓoyayye ba ne. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wasu jami'o'in suna karɓar sakamakon zama biyu, wasu sai na zama ɗaya, don haka ki duba sharaɗin wadda kike so a shekarar da za ki nema. A JAMB za ki rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, jimillar maki 400. Kada mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo ya ruɗe ki, wannan na bakin ƙofa ne kawai. Masu neman jinya suna da yawa matuƙa, guraben kuma ƙididdigaggu ne. Shawarata ki sa wa ranki 250 zuwa sama, ki kuma shirya wa tantancewar da jami'ar take yi bayan JAMB. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari na zallar ƙoƙari, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a masu ƙarancin ilimin boko, kuma jiharku ta Katsina tana cikinsu. Wannan zai taimaka miki, amma ki tuna duk 'yan jiharku da maƙwabta masu ƙoƙari a layi ɗaya kuke.

Wannan kaɗai ya isa ya amsa wa 'yar'uwarki. Gaskiya ne akan sami wanda ya nemi likitanci aka ba shi jinya, amma ɗalibai masu maki mai yawa suna neman jinyar da gangan suna rasawa. Kuma nas ba ƙaramin likita ba ne, aikinsu ne ya bambanta. Likita yana zagayawa da safe, ya duba majinyaci na 'yan mintoci, ya gano cuta, ya rubuta magani, ya wuce gado na gaba. Sauran awoyin yini da na dare majinyacin nan yana hannun nas.

Bari in ba ki misali daga ɗakin haihuwa. Mace ta sauka lafiya, an goge jariri, dangi suna ta barka a waje. Bayan rabin awa nas ta zo ta riƙe hannunta, ta ji bugun jini ya ƙaru, ya haura 100 a minti ɗaya, alhali awon jininta bai faɗi ba tukuna. Ta ɗora hannu a marar, ta ji mahaifa ta saki, ba ta dunƙule kamar yadda ya kamata ba. Ta ɗaga zane ta ga jini yana tafiya. A ƙa'ida, jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa ya zama abin tashi tsaye. Nan take za ta fara murza mahaifar, ta ƙwala kira a kawo ɗauki, a yi allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, a sa ruwa, a nemi jini. Mintocin nan su ne tsakanin rai da mutuwa, kuma sau da yawa kafin likita ya iso an riga an yi rabin aikin. Haka mai jijjiga da aka sa wa maganin magniziyom: nas ce za ta riƙa ƙirga numfashinta, ta auna fitsarinta, ta gwada motsin gwiwarta, don maganin da ke ceton ta shi ne kuma zai iya danne numfashinta in ya taru a jiki. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya a Nijeriya suke, kuma kowa ya san Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Duk wanda ya raina wannan aiki, ban jin ya taɓa kwana a bakin gadon nasa.

To yaya shekara biyar ɗin suke? Shekarar farko ba za ki ga asibiti ba. Kimiyya ce zalla, tare da ɗaliban likitanci da haɗa magunguna da sauransu, a manyan ɗakunan lakca da ke ɗaukar ɗaruruwa. A nan ne girman jami'a yake fara nuna kansa. Wadda ta makara a baya za ta zauna, ko ta tsaya a bakin taga. Malamin bai san sunanki ba, ba zai tambayi dalilin rashin zuwanki ba, ba mai kaɗa ƙararrawa. Yara da yawa da suka zo da maki mai kyau a nan suke zamewa, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba, sai don karon farko ke nan da ba wanda ke tsaye a kansu. Alhali sakamakon wannan shekara shi ke yanke ko za ki wuce sashen jinya ko a sauya miki kwas. Ki nemi ƙawaye uku ko huɗu masu son karatu tun makon farko, ki riƙa zuwa da wuri, abin da aka koyar yau ki bi shi yau.

A shekara ta biyu za ki shiga Anatomi, ilimin sassan jikin ɗan'adam da inda kowanne yake, da Fiziyoloji, yadda sassan suke aiki, da Bayokemistiri, sinadaran da ke gudana a jiki. A jami'o'i da dama za a kai ku ɗakin da ake koyo da gawa. Ranar farko takan yi nauyi, kuma ba abin kunya ba ne zuciya ta karaya, ana sabawa. A lokacin ne kuma za a fara koya muku tushen aikin a ɗakin gwaji, da mutum-mutumin roba: gyaran gado da majinyaci a kai, wanke ciwo, awon zafin jiki da na jini, juya wanda ba ya iya motsi kowace awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Daga shekara ta uku sai jinyar cututtukan manya da na tiyata, ilimin magunguna, ilimin ƙwayoyin cuta, jinyar yara, jinyar masu taɓin hankali, lafiyar al'umma, ungozomanci, da hanyoyin bincike. A shekarar ƙarshe za ki rubuta kundin bincikenki ki kare shi a gaban malamai. A tsakanin haka, galibi a aji huɗu, za ki zauna jarrabawar Majalisa ta zama nas mai rajista, a aji biyar kuma ta ungozoma, wasu jami'o'in har da ta lafiyar al'umma. Jarrabawar tana da ɓangaren kwamfuta da ɓangaren aikin hannu, inda ake bi tasha-tasha kina nuna abin da kika iya cikin ƙayyadadden lokaci. Wannan ita ce babbar ribar digirin: mutum ya fito da shaidu biyu ko uku a tafiya ɗaya, abin da a tsohon tsari sai an koma makaranta sau biyu.

Kada ki yar da Lissafi don kin ga ba ya cikin darussan JAMB ɗinki. Likita zai rubuta a ba yaro miligiram 500 na maganin ruwa, kwalbar kuma ta ce akwai 250 a cikin kowace mililita 5. Ke ce za ki san mililita 10 za ki auna. Zai rubuta a sa ledar ruwa mai mililita 500 ta ƙare cikin awa huɗu. In robar ƙarin ruwan tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita, ke ce za ki lissafa ki ga kusan ɗigo 42 ake so a minti, ki tsaya da agogo ki daidaita. Sifili ɗaya da ya sauka inda bai kamata ba yana iya ninka magani sau goma a jikin jariri.

Yanzu mu zo kan zargin da ya fi damuna, cewa nas ɗin jami'a ba ta iya aiki. Ba zan ce miki ƙarya ce tsagwaronta ba. Ɗalibar makarantar asibiti tana shiga ɗakin majinyata tun shekararta ta farko, kullum tana ciki, hannunta yana saurin faɗawa. Ta jami'a tana fara shiga a makare, kuma idan aka tura ku aikin koyo a asibiti, za ku je ne a ayari. A babban asibitin koyarwa irin na Shika, wanda kike wucewa a hanyarku ta zuwa Zariya, ko na Malam Aminu Kano, gado ɗaya yana iya tara ɗaliban likitanci, da na jinya daga jami'a, da na kwaleji, da likitoci masu neman ƙwarewa. Mai kunya ko mai son jiki za ta iya yin wata guda tana leƙe ta bayan kafaɗar wasu, ta koma ba ta sa wa kowa robar ruwa ba. Daga irin waɗannan ne zargin ya samo asali.

Maganinsa yana hannunki, kuma nan ne amsar tambayarki ta wa zai tsaya a kanki. Ba wanda zai bi ki, amma kusan kowa zai koya miki in kika nuna kina so. Ki riga lokaci zuwa, ki tsaya a karɓi aiki daga masu kwana, don a nan ake jin labarin kowane gado. Ki gaida sistar da ke riƙe da ɗakin, ki ce mata, "Sista, in za a yi wankin ciwo a kira ni." Kada ki zaɓi aiki. Wadda ta ɗauki tasa ta kai wa tsohuwa ba tare da yatsina fuska ba, ita za a kira ranar da za a yi abin da ake rububin gani. Za a ba ki littafin da ake sa hannu a kan kowane aiki da kika yi. Don Allah kada ki nemi a sa miki hannu a kan abin da ba ki yi ba, ko da kowa yana yi. Ranar da aka bar ki ke kaɗai da majinyata talatin cikin dare, littafin ba zai tashi ya taya ki ba. Kuma in hutu ya zo, ki nemi izini ki riƙa zuwa babban asibitin garinku, inda ɗalibai ba su da yawa, aiki kuma ya fi ƙarfin ma'aikata. Abin da za ki taɓa da hannunki a can cikin wata ɗaya zai ba ki mamaki.

Sai ki kiyayi girman kai. Akwai tsohuwar tsama tsakanin masu digiri da waɗanda ba su da shi, kuma majinyaci ne yake shan wahalarta. Sistar da ta yi shekara ashirin a ɗakin yara tana iya gane yaron da zai rikice tun daga yanayin kukansa. Ke kuma an koya miki dalilin abin da take gani, da yadda ake karanta bincike a san wace hanya ce ta fi. Ki karɓi nata da ladabi, naki zai yi amfani a lokacinsa.

Girman jami'ar yana da nasa alherin. Asibitin koyarwa nan ake turo cutar da ta gagari ƙananan asibitoci, don haka za ki ga abin da wata ba za ta gani ba a shekara goma: wankin ƙoda, ɗakin kulawa ta musamman, jariran da aka haifa bakwaini a cikin kwalba, manyan tiyata. Akan kuma tura ɗalibai asibitoci na musamman, irin na masu taɓin hankali da ke Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato, da na ƙashi da ke Dala a Kano, da ƙananan asibitocin karkara. Hausarki ma jari ce. Dattijon da aka ce masa yana da hawan jini ya sha magani kullum, sau da yawa yana dainawa da zarar kai ya bar ciwo, don ba wanda ya zauna ya fahimtar da shi cikin harshensa cewa wannan ciwo ba ya sallama. Ki koyi bayyana kowace cuta yadda kakarki za ta gane. Ki kuma koyi riƙe sirri, don wata rana maƙwabciyarku za ki tarar a gado.

Na san akwai abubuwan da iyaye ke tunani ko ba su furta ba: kwanan asibiti, jinyar maza, sutura, aure. Aikin dare yana nan, ba makawa, tun kina ɗaliba. A asibitocinmu na Arewa nas-nas suna sa hijabi da kayan aikinsu, sai dai gajere wanda ba zai riƙa shafar ciwo ko jini ba. Za ki koyi jinyar maza da mata, akwai kuma nas-nas maza da ake raba aikin da su. Mata da yawa sun yi karatun da aurensu da goyonsu, da wuya amma ana yi, in miji da dangi sun ba da goyon baya. In Baba yana da damuwa ta fuskar addini, ku je wurin malamin da ya yarda da shi. Zai ba ku tarihin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda take da tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Kafin ki fara shiga asibiti kuma ki tabbata kin yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku ce, don tsinin allurar da aka yi wa wani yana iya sukar ki.

Ta fuskar kuɗi, jami'ar gwamnati ta fi ta kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba, amma tun 2023 kuɗin rajista ya tashi sosai, kuma kwasa-kwasan lafiya sun fi tsada. Ki lissafa da kayan aiki, abin sauraren ƙirji, na'urar awon jini, kuɗin shiga kundin Majalisa da na jarrabawarta, da kuɗin mota zuwa wuraren koyon aiki. Akwai asusun bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, ba ruwa a kansa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ki kuma nemi tallafin karatu na jiharku. Sannan ku sa yajin aiki a lissafi. Na malaman jami'o'i a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Shekara biyar ta takarda takan zama shida.

Bayan kammalawa akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, da albashi, sai hidimar ƙasa. Lasisin ana sabunta shi lokaci-lokaci, bayan an halarci kwasa-kwasan ƙarin sani. Daga nan hanya a buɗe take: ƙwarewa a tiyata, ko sa barci, ko jinyar ido, ko digiri na biyu da na uku ki zama malama a jami'a. Za ki ji ana ta zancen fita Ingila ko Saudiyya. Wannan zance ne na gaba, kuma ina fata in lokacin ya zo za ki tuna da matan ƙauyukan da ke kewaye da Funtuwa.

Ra'ayina, in kin sami gurbi kuma gida zai iya ɗaukar nauyin shekara biyar zuwa shida, ki tafi jami'a. In ba ki samu ba, kada ki zauna a gida shekara uku kina maimaita JAMB. Ki sa kwalejin jinya a cikin zaɓinki tun yanzu, ki shiga, ki sami rajistarki, daga baya ki nemi jami'a ta hanyar shiga kai tsaye, wadda take tsallake miki aji ɗaya. Wannan zai kuma kwantar wa Baba hankali, don shawararsa ba ta faɗi ƙasa ba.

Abu ɗaya ne zan ja kunnenki a kai. Wataƙila jami'a ta ba ki wani kwas daban, Anatomi ko Bayoloji, wani ya ce miki ki karɓa kawai, in kin shiga a sauya miki zuwa jinya. Tunda adadin da Majalisa ta yanke ba ya ƙaruwa don wani, irin wannan sauyi yana da wuya ƙwarai, kuma digirin Anatomi, duk da darajarsa, ba ya ba da lasisin jinya. Kafin ki danna amincewa a shafin JAMB, ku je sashen ke da Baba ku ji daga bakin jami'in da ke kula da ɗaukar ɗalibai. Allah ya ba da sa'a, ki gaida Baba da kyau.